Mai inci shida ko mai inci biyar da rabi: wace igwar Ingila ta fi dacewa ka yi nazari a kanta?

Ɗalibin tarihi idan ya kai ajin ƙarshe aka ce ya kawo batun da zai rubuta kundinsa a kai, sau da yawa yakan ɗauko loma wadda ta fi bakinsa. Sai ka ji ya ce shi Yaƙin Duniya zai rubuta, ɗungurungum. Shawarar da nake bai wa duk wanda harkar soja ta ɗauki hankalinsa ita ce ya kama makami guda ɗaya, ya bi shi tun daga masana'anta har fagen daga. Wanda ya yi haka zai ga kuɗi da ƙarfe da dawaki da motoci da mutanen da suka ɗauki harsashi a kafaɗa, duk a cikin labari guda. A wajen Ingila kuwa, makamai biyu ne suka fi dacewa da wannan aiki: igwa mai inci shida, wadda sunanta a takarda BL 6-inch 26 cwt, da magajiyarta mai inci biyar da rabi, BL 5.5-inch. Taura biyu ba ta taunuwa a kundi ɗaya, dole a zaɓa.

Incin da ake faɗa faɗin bakin igwar ne. Inci shida milimita 152 ke nan, inci biyar da rabi kuwa milimita 140. Wancan 26 cwt nauyin bututun ne haɗe da makullinsa na baya a tsohon awon Ingila, kimanin kilo 1,300, kuma an maƙala shi a sunan ne don a bambanta ta da tsofaffin igogi biyu masu inci shida da ta gada, mai 25 da mai 30. Haruffan BL na nufin ta baya ake ɗura ta, harsashi daban, albarushi daban a cikin jakunkunan ƙyalle. A wannan dukansu biyu ɗaya suke. Haka kuma harsashinsu na asali nauyi ɗaya ne, fam 100, wato kilo 45, buhun siminti ba kilo biyar. Kowace mutum goma ke aiki a kanta. To idan abin da suke jefawa ɗaya ne, me ya sa Ingila ta kashe kuɗi ta sake sabuwa ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu? Amsar wannan tambaya ita ce kusan duk abin da ya raba su.

Mai inci shida 'yar ramuka ce. A ƙarshen 1914 yaƙi a Faransa da Beljiyam ya tsaya cik, kowane ɓangare ya haƙa rami ya shige, ya kewaye kansa da waya mai ƙaya. Igwar da sojan Ingila ya fi yawa da ita a lokacin, mai harsashi fam 18, harbi take a miƙe, an yi ta ne don mutanen da ke tafe a fili. Mutumin da ke cikin rami sai abin da ya faɗo masa daga sama. Wannan shi ne aikin irin igwar da Turawa ke kira hawitsa: gajeren bututu, a ɗaga bakinta sama, harsashi ya yi baka ya sauko kamar dutsen majajjawa, kuma a iya rage albarushi ko a ƙara gwargwadon nisan da ake so. Tsohuwar mai 30 cwt tun 1896 aka yi ta, ta ga yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, zangonta gajere ne kuma ba ta da yawa. Kamfanin Vickers ya zana sabuwar a farkon 1915, kafin shekarar ta ƙare ta isa hannun soja. A shekarar ce kuma ƙarancin harsashi ya tada ƙura a Landan har aka kafa ma'aikatar makamai ta musamman aka ba ɗan siyasa Lloyd George shugabancinta.

Abin da ya sa ta karɓu ba wani abin al'ajabi ba ne. Nauyinta duka bai kai tan huɗu ba, kimanin kilo 3,700, don haka dawaki kan iya janta, daga 1916 kuma aka fi janta da babbar mota ƙirar FWD mai jan taya huɗu. Tana ɗaga baki har digiri 45. Tana da na'urar mai da iska wadda ke shanye zabura idan an harba, ta mayar da bututun mazauninsa, kuma tsawon ja da bayan yana raguwa idan an ɗaga bakin sama sosai, don kada gindin ya doki ƙasa. Da harsashi mai fam 100 takan kai yadi 9,500, kimanin kilomita 8.7. Da aka kawo mai fam 86 wanda aka fiƙe wa kai, zangon ya kai yadi 11,400, kilomita 10.4. An ƙera guda 3,633. A fagen yamma kaɗai, wato Faransa da Beljiyam, ta harba harsashi kimanin miliyan 22 da dubu 400. In ka lissafa nauyin wannan, ya doshi tan miliyan ɗaya, lodin tirela mai tan talatin sama da dubu talatin, kuma kowane ɗaya da hannun mutum aka ɗaga shi aka cusa.

A nan ne nake ganin darajarta ga mai nazari, domin rayuwarta a Yaƙin Farko ita ce labarin yadda sojan Ingila ya koyi harbin igwa ta hanya mai tsada. A Somme, a arewacin Faransa, an yi kwana bakwai ana luguden wuta kafin ranar 1 ga Yuli 1916, harsashi wajen miliyan ɗaya da rabi. Da yawa ba su fashe ba, waya a wurare da dama ba ta yanke ba, Jamusawa kuma suna can ƙasa cikin ɗakunan da suka haƙa. Da aka tsagaita suka fito da bindigogi masu sarrafa kansu. A ranar kaɗai Ingila ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga cikinsu sun mutu. Bayan haka abubuwa suka riƙa canzawa ɗaya bayan ɗaya. A 1917 aka wadata da kan harsashi mai lamba 106, wanda ke tashi da zarar ya taɓa ƙasa kafin ya nutse a laka, sai ya zamana hawitsa na iya share waya. Aka koyi gano maɓoyar igwar abokin gaba ta hanyar auna ƙararta da na'urori a wurare daban-daban, da hango walƙiyar bakinta, da hoton jirgin sama. A Cambrai cikin Nuwamba 1917 aka buɗe wuta da lissafin taswira kawai, ba a yi harbin gwaji da zai tona asiri ba. Zuwa ranar 8 ga Agusta 1918 a Amiens, aikin danne igogin Jamus ya zama gwaninta. A duk waɗannan matakai mai inci shida tana ciki, ita ce jakar aikin, har da harba harsashi mai iskar guba, abin da bai kamata mai rubutu ya tsallake ba don kawai ba shi da daɗin faɗa.

Sai yaƙi ya ƙare, kuɗi suka ƙare, aka ajiye ta. Tsakanin yaƙoƙin biyu gyaran da ta samu a ƙafa ne: tayar katako ta koma ta roba, daga baya mai iska, don mota ta ja ta da gudu. Bututun yana nan yadda yake. Jamus kuwa ta fito da igwarta mai santimita 15, sFH 18, wadda ke jefa harsashi kusan nauyi ɗaya zuwa kilomita 13.3. Bambancin kilomita uku a bakin mai hira ƙaramin abu ne. A fagen daga yana nufin wancan zai zauna inda hannunka ba ya kaiwa ya yi ta dukanka. Haka mai inci shida ta koma Faransa a 1939, kuma da aka kwashe sojan Ingila ta Dunkirk a 1940, a can aka bar manyan makamai. Jamusawa suka kwashi ganima, suka laƙaba mata lambarsu suka ci gaba da aiki da ita. Italiya ma tana da irinta tun Yaƙin Farko, tana kiranta 152/13. Waɗanda suka rage wa Ingila sun yi aiki a Arewacin Afirka har magajiya ta iso, aka riƙa janye su, a 1945 aka ce ta tsufa.

Magajiyar tun Janairun 1939 aka fitar da sharuɗɗan ƙera ta, amma matsalolin karusar da za ta zauna a kai suka ja lokaci, ba ta shiga yaƙi ba sai 1942 a hamadar Arewacin Afirka. Da ka ganta a hoto ba za ka manta ba, saboda wasu ƙarafa biyu da ke tsaye a gefe da gefen bututun kamar ƙahon bijimi. Aikinsu tallafe nauyin dogon bututun ne don mutum ɗaya ya iya ɗaga shi da juya hannu. Tsawon bututun ya haura mita huɗu, kusan ninki biyu na tsohuwar, kuma daga nan zangon ya fito: yadi 16,200, kilomita 14.8, da harsashin nan mai fam 100. Daga baya aka kawo mai fam 80 wanda ke kai yadi 18,100, kilomita 16 da rabi. Abin da tsohuwar ke cimma tafiyar awa biyu ce a ƙafa, sabuwar kuwa ta haura awa uku.

Zango ne kowa ke ambata, amma ni wutsiya, wato ƙarfen bayan igwa da ke dafe ƙasa idan an harba, ta fi jan hankalina. Mai inci shida wutsiya ɗaya gare ta, mai siffar akwati, don haka bakinta digiri huɗu kawai yake juyawa dama, huɗu hagu. A nisan kilomita goma, faɗin filin da take iya taɓawa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. In aka ce a harbi wani wuri da ya fita daga nan, sai mutane su taru da sanduna su ciccibi wutsiyar su karkata igwar gaba ɗaya, a cikin laka in da laka. A yaƙin ramuka wannan bai cika damuwa ba, tun da abokin gaba yana inda ka bar shi jiya. Mai inci biyar da rabi wutsiyarta biyu ce, ana buɗe su kamar almakashi, bakin ya juya digiri talatin kowane gefe. A ƙarshen zangonta faɗin da take rufewa ya kusa kilomita goma sha biyar ba tare da an motsa taya ba. Wannan ne ya sa aka iya tsarin da Ingila ta yi fice da shi daga 1942: hafsa guda yana gaba da rediyo, ya ga abin hari, ya kira, cikin 'yan mintoci igogin runduna da dama da ke warwatse su juyo su zuba wuta wuri ɗaya. Kowace rundunar matsakaitan igogi tana da goma sha shida, kashi biyu takwas-takwas, ana kuma tara irin waɗannan rundunoni ƙarƙashin shugabanci ɗaya a kai su inda ake son fasa layi. Da haka aka yi Italiya da Normandi da tsallake kogin Rhine a Maris 1945.

Ba a banza ta samu wannan ba. Nauyinta ya kai wajen tan shida, maganar doki ta ƙare, sai motar AEC Matador da aka tanada don janta. Inda hanya ta mutu, ita ma ta tsaya. An kuma sha samun harsashi ya fashe tun yana cikin bututu, musamman a waɗanda suka gaji da harbi, abin da ya halaka masu aiki a kanta. Tana da 'yar uwa mai inci huɗu da rabi wadda suke zama kan karusa iri ɗaya, ita ta fi cin zango, yadi 20,500, amma harsashinta fam 55 ne kuma abin fashewar cikinsa kaɗan, shi ya sa bayan yaƙi aka sallame ta aka riƙe mai biyar da rabi. Kada ka haɗa wannan da tsohuwar hawitsa mai inci huɗu da rabi ta 1910, ƙaramar da ke jefa fam 35. Suna ɗaya, makami daban, kuma ɗalibai na yawan faɗawa wannan rami.

Bayan 1945 ne ta yi wa tsohuwar fintinkau a tsawon rai. Ingila ta riƙe ta har cikin shekarun 1970, kafin igogi masu milimita 155 su karɓe ta. Indiya da Pakistan, waɗanda suka gaji kayan soja ɗaya, sun harbi juna da ita. Afirka ta Kudu ta mulkin wariyar launin fata ta sa mata suna G2 ta shiga da ita Angola, inda makaman Tarayyar Sobiyet suka fi ta zango, abin da ya tura su ƙera sabuwar igwa mai suna G5. Wato abin da ya sami tsohuwar a 1940 shi ya sami magajiyar bayan shekara talatin da 'yan kai. Wanda hankalinsa ke kan ƙarshen mulkin mallaka da yaƙin cacar baka a Afirka da Asiya, ba sai ya yi dogon tunani ba, wannan ce tasa.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar aljihu da lokaci, wato inda za ka samo abin rubutawa. Rundunonin Ingila kowace tana da littafin da take rubuta abin da ya faru kullum. Na Yaƙin Farko a fagen Faransa da Beljiyam, ma'adanar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew ta ɗauki hotonsu ta sa a intanet, kana Zariya ko Damagaram kana iya sauke su. Na Yaƙi na Biyu akasarinsu sai an je can da ƙafa ko an biya an kwafo. Ga ɗalibin da ba shi da kuɗin jirgi wannan babban nauyi ne a ma'auni, kuma ya rinjaya wajen mai inci shida. Hotuna kuwa dukansu suna da su birjik a rumbun gidan tarihin yaƙi na Landan, sai dai sabuwar ta fi yawan hoto mai motsi. Mai sha'awar harhaɗa ƙananan samfura na roba shi zai fi samun sauƙi da sabuwar, domin kamfanin Airfix ya daɗe yana sayar da ita haɗe da motarta Matador. In ganin ido kake so kuma a nahiyarmu, bayan Yaƙin Farko an kai wa Afirka ta Kudu wasu masu inci shida don tunawa da 'yan atilarenta da suka yi aiki da su a Faransa, akwai ɗaya a tsaye a lambun tsakiyar birnin Cape Town.

Akwai mai karatun da dole in tsaya in yi wa magana daban, wanda abin da ya kawo shi shi ne kakansa ɗan Boma ne, yana son ya san makamin da ya gani. In haka ne, kada ka yi saurin ɗaukar ko ɗaya cikin biyun nan. Gaskiya mai inci biyar da rabi ta je Boma. A Maris 1945 an matso da ita kusa ƙwarai ana dukan ganuwar Fort Dufferin a Mandalay, ganuwar mai tarin ƙasa a bayanta ta shanye dukan, har Japanawa suka sulale ta magudanan ruwa aka shiga ranar 20 ga wata. Amma wannan fagen rundunar Indiya ta 19 ne. Mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna can Kaladan da Arakan, cikin duwatsu da dazuzzukan da igwa mai tan shida ba ta da hanya. Tasu ita ce ƙaramar hawitsar dutse mai inci 3.7, mai harsashi fam 20 da zangon kilomita biyar da 'yan kai, wadda aka ƙera don a kwance ta kashi takwas a ɗora wa alfadarai. A rundunar Afirka ta Yamma kuwa an saba ɗaukar sassanta da harsasanta a ka, aikin 'yan dako, waɗanda ba kasafai ake ba da labarinsu ba. Sunayen wuraren da suka taka suna nan a barikokinmu, Myohaung a Legas, Kalapanzin da Dalet a Kaduna. Wannan kundi ne mai zaman kansa, kuma shi kaɗai ne a cikin ukun wanda ɗalibin da ke kusa da ma'adanar takardu ta Kaduna da tsofaffin gidajen 'yan mazan jiya ya fi ɗalibin Landan damar rubutawa.

In muka dawo kan biyun, kuma aka ce in zaɓa wa wanda bai riga ya karkata ko'ina ba, mai inci shida zan ba shi. Ba don ta fi kyau ba, a matsayin makami magajiyar ta fi ta a kusan komai in ban da sauƙin ɗauka. Dalilina shi ne labarinta yana da farko da tsakiya da ƙarshe waɗanda mutum ɗaya zai iya riƙewa cikin shekara guda: buƙatar da ta haife ta a 1915, shekara uku na koyo da jini, shekara ashirin na ajiya, sannan 1940 da ta nuna abin da ajiyar ta jawo. Kowane abu da aka sa wa sabuwar, dogon bututu, wutsiya biyu, motar ja ta musamman, amsa ce ga wata gazawa ta tsohuwar, don haka wanda ya fara da mai biyar da rabi zai ga amsoshi bai san tambayoyin ba. Labarin sabuwar kuma ya bazu daga Libiya zuwa Angola cikin shekara arba'in, ƙasashe da yawa, takardu a warwatse, ya fi dacewa da mai digiri na biyu da ke da lokaci da ɗan tallafi.

In ka ɗauki mai inci shida, kada ka ce za ka bi guda 3,633. A Yaƙin Farko ana raba su ne ƙungiya-ƙungiya, igwa huɗu a kowace, daga baya aka mai da su shida, kowace ƙungiya da lambarta. Zaɓi ƙungiya ɗaya wadda littafinta na kullum ya tsira, ka bi ta daga Somme a 1916 zuwa Nuwamba 1918, ka riƙa ƙirga harsashi nawa ta harba a wace rana, a kan me, wa ya hango mata, kwana nawa ta yi tana jiran mota ko tana fitar da taya daga laka, da mutum nawa ta binne a hanya.